Wari Biyu a Ɗakin Girki

Ni ban taɓa neman gas ba, tari ne ya jawo min shi. Shekara da shekaru ina durƙushe gaban murhu ina hura ɗanyen icce, har ƙirjina ya fara ƙugi kamar tsohon injin niƙa. Da aka kai ni asibiti a nan Kazaure, likita ya ce in rabu da hayaƙi. Na ce to, na dawo gida na ci gaba da girkina, don ban san yadda ake tuƙa tuwo ba tare da hayaƙi ba.

Babban ɗana ne bai bar maganar ta bi iska ba. Aikin gwamnati yake yi a Dutse, sai ƙarshen mako yake leƙo mu. Wata Asabar da hantsi sai ga shi a adaidaita-sahu da doguwar tukunyar gas, da murhu mai kai biyu, da wani naɗaɗɗen bututun jan ƙarfe, bayansa kuma ga wani mutum riƙe da jakar kayan aiki.

Na ce, "Kai, wannan abin ba zai kwana a cikin gidan nan ba."

Ya ce, "Shi ya sa na zo da mai haɗawa, Umma. Tukunyar a waje za ta zauna, bayan kicin, cikin kejin ƙarfe. Bututu kawai zai ratsa bango ya zo wurin murhu."

Tun shigowar mutumin nan hankalina bai kwanta da shi ba. Ya wuce Malam, maigidana, a zaure da gaisuwar tsaye, waya maƙale a kunne. Da ya fara aiki kuma sai ya kama fito. Mu dai da muka tashi, ba a fito a cikin gidan mutane. Na ɗauko kujera ’yar tsugunne na zauna bakin ƙofa da faifan tsintar wake, amma waken bai sami idona ba ranar.

Ɗakin girkinmu ginin ƙasa ne, jingine da ɗakin da ’yata ta tashi a ciki. Bango ɗaya ya raba su, in ka yi tari a nan ana ji a can. Mutumin ya huda bangon baya, ya zuro bututun, ya hau da shi sama dab da rufi, ya bi da shi jikin bango yana kafa masa ƙusoshi masu baki kamar ƙugiya. Bai kai kusurwar da zai gangaro wurin murhu ba sai bututun ya ƙare. Ya tsaya ya sosa ƙeya. Sai ya zaro wani guntu daga jakarsa, ya naɗa wani farin zare a bakinsa, ya haɗa su da noti ya ɗaure.

Na ce, "Malam, wannan haɗin fa?"

Ya ce, "Ba komai, Hajiya. Sai jikokinki sun gaji da shi."

Na ce, "Allah bai kira ni ba tukuna. Ni dai na san riga daga ɗinki take fara yagewa."

Ɗana ya ce, "Haba Umma, sana’arsa ce fa." Kunya ce ta kama shi, na gani, sai na koma kan wakena.

Da mutumin ya gama ya nemi sabulu da soso. Ya kaɗa kumfa a kwano, ya bi duk wani haɗi yana shafawa yana kallo. Ya ce in akwai yoyo, kumfar za ta riƙa kumbura tana fashewa. Ba ta kumbura ba. Na tambaye shi yadda zan san abin yana zuba tunda ba a ganinsa. Ya murɗa makunnin murhun kaɗan ba tare da ya kunna ba, ya ce in matso in shinshina.

Ya ce, "Kin ji ko? Kamar daddawa."

Na ce, "Daddawar wa?"

Suka yi dariya shi da ɗana. Ni ban yi ba. Ni ce mai daddawar unguwarmu, tun daga dafa kalwa har kirɓawa da hannuna nake yi, kuma ba a taɓa dawo min da ita ba. Warin da ya sa na shinshina wani abu ne daban, mai kaifi, mai sanyi, yana tsayawa a maƙogwaro kamar ka lashi tsohon ƙarfe.

Bayan sun tafi na zagaya na tsaya gaban tukunyar. Akwai jan rubutu a jikinta. Na yi ajin yaƙi da jahilci bayan na yaye autana, Hausa ba ta gagara ta, amma wannan da Turanci aka yi shi. Na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, ba su ce min komai ba. Na ce a raina, baƙon da ya zo da gargaɗi a goshinsa, kuma cikin harshen da ban ji, ai sai a zauna da shi da ido ɗaya a buɗe.

Gaskiya dai gaskiya ce, tarin ya lafa. Gindin tukwanena ya daina baƙi, ruwan shayin Malam kuma kafin ya gama lazimi ya tafasa. Maƙwabta da suka saba aiko da kasko ɗiban wuta da safe suka riƙa komawa hannu wofi, har wata ta ce gidanmu ya zama gidan Turawa. Amma ban taɓa gama girki na bar kan tukunyar a buɗe ba. Ko rana ko ruwan sama sai na zagaya baya na murɗe shi. Duwatsun murhuna na tsakar gida kuma ban bari an kwashe su ba. In na shiga ɗakin girki, kafin in kalli tukunya sai na ɗaga kai na kalli haɗin nan.

Ana nan sai ’yata da ke aure a Roni ta dawo gida goyon ciki, haihuwar fari. Muka gyara mata ɗakinta na da, mai bango ɗaya da ɗakin girki. Allah ya sauke ta lafiya, ta sami ’ya mace. Washegari sai ga yayar Malam daga Gwiwa da ƙullin kayanta. Yara Gwaggo suke ce mata, ni kuwa tun zuwana gidan Yaya nake kiranta. Duk wata mai jego a danginsu ita ke mata wanka, kuma in ta sauka a gida, gidan ya zama nata. Ba mugunta ba ce, haka Allah ya yi ta, magana ɗaya take yi. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa musa mata ba.

Ta leƙa ɗakin girki, ta ga shuɗiyar wuta tana ci ba icce, ta ja da baya.

Ta ce, "Wutar da ba ta toka, ba ta garwashi, ai wannan ta mutanen ɓoye ce. Ni kada a ba ni abin da aka dafa a kanta."

Ruwan wanka dama a tsakar gida ake dafa shi, a babbar tukunya, da icce, can wajen rijiya. Nan ta kafa mulkinta. Amma da ta ga kunun kanwar mai jego ya huce, na ɗora shi a kan gas ya yi zafi kafin ta gama ɗaura ɗankwali, sai ta tsaya tana kallon wutar. Da yamma na same ta da ashana tana gwadawa. Kafin a kwana biyu ta fi ni son abin. Ɗumame, shayi, ruwan alwala, komai a kai. Ta mayar da ɗakin girki nata, ta sake wa kowane kwano mazauni, ni kuma ina can wurin ’yan barka, shimfiɗa tabarma da kai ruwa.

A kwanakin ne na dafa kalwa mai yawa saboda miyar suna. Na wanke, na zuba a kwando, na lulluɓe da ganye da buhu, na ajiye a kusurwar ɗakin girki ta nuna. Wanda ya san daddawa ya san yadda take cika gida idan ta fara.

Wata safiya na sunkuya ɗaukar tsintsiya a bayan ƙofa, sai wani abu ya daki hancina. Na miƙe, daddawa nake ji. Na sake sunkuyawa, ga shi nan a ƙasa-ƙasa, mai kaifi, mai sanyi. Na duba makunnan murhu, a rufe suke. Na shafa tiyon robar da ya haɗa bututun da murhu ko ɓera ya taɓa shi, lafiya lau. Na ɗaga kai wajen haɗin nan, sai ƙoren da ke rataye a ragaya suka tare min. Na ga ragayar sarai, amma idon da ya tashi da ganin ragaya a kowane ɗakin girki ba ya tambayar daga ina aka rataye ta.

Na sami Malam a zaure na ce ina jin warin gas.

Ya ce, "Ke da kika cika mana gida da daddawa? Jiya har liman sai da ya tambaye ni ko suna biyu za mu yi."

Na kira ɗana a waya. Ya ce, "Umma, ai mai haɗawar ma ya gaya miki warinsu ɗaya. Ki kwantar da hankalinki, ina zuwa jajiberi."

Yaya kuwa dariya ta yi har da tafa cinya. Ta ce, "Wai ke hancinki ya fi na kowa? Ni da nake wuni a ciki ban ji ba? Daddawarki ce ta yi ƙarfi, kin cika mata ganye."

Na ce, "To, Yaya."

Amma zuciyata ba ta ce to ba. Na zargi mutumin nan mai fito, na ce guntun da ya ƙara tsoho ne ya ɓoye a jaka. Na zargi tukunyar, na ce ta hannu ce aka yi wa fenti aka sayar wa ɗana. Har hancina na zarga, na ce ko tsufa ne. Abin da na iya kawai shi ne in zagaya in rufe kan tukunyar. In na rufe, Yaya ta zagaya ta buɗe, don ta riga ta ga inda nake murɗawa. Haka muka yi ta yi. Da rana ƙofa da taga a buɗe suke, iska tana kwashe warin. Duk lokacin da jaririyar ta yi kuka ta bayan bangon nan, sai in zagaya in sake duba kan tukunyar.

Ranar jajiberin suna, bayan sallar asuba gari ya fara haske, na zagaya baya kamar yadda na saba, don in buɗe kan tukunyar gas in ɗora shayi. Na kai hannu, sai na tarar a buɗe yake. Ni kuwa na san da magariba na rufe. Ashe bayan isha Yaya ta ɗumama kunu, ta kashe murhu, ta bar tukunyar a buɗe, ta kuma ja ƙofa da taga ta rufe gam saboda kyanwa, don akwai man shanu da niƙan suna a ciki. Ɗakin ya kwana a toshe.

Na murɗe kan da sauri na zagayo. Ina fitowa tsakar gida sai na hango Yaya ta baro wutar ruwan wanka, riƙe da kaskon turare cike da jan garwashi, tana hura shi, ta nufi ƙofar ɗakin girki.

Ban san lokacin da na isa ba. Na dai ga kaina tsaye tsakaninta da ƙofar, bayana jingine da ƙyauren.

Ta ce, "Matsa mana. Baƙi za su fara zuwa yau, gida yana warin daddawa kamar kasuwa. Turare zan sa."

Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, wutar nan ba za ta shiga ba."

Ta dube ni kamar akuya ce ta yi magana. Ta ce, "Me kika ce?"

Na ce, "Ki yi min rai, Yaya. Ki zage ni, ki kai ƙarata wurin ƙaninki, duk na ɗauka. Amma yarinyar nan da jaririyarta suna bayan bangon nan."

Ta ce, "A’a, lallai! Yau ni ake hana shiga ɗakin girki a gidan ƙanina? Da can ina kike lokacin da nake goya shi?"

Ta matso. Zafin garwashin har a fuskata. Sai na sa hannu biyu na kama kaskon, ba tsumma ba komai. Mamaki ne ya sa ta saki, ba ƙarfina ba. Na yi wajen rijiya da shi, na kife a ƙasa, na ɗebi ruwa a bokiti na sheƙa masa, na juya na sheƙa wa wutar ruwan wankan ma. Ta mutu tana huci. Ruwan mai jego ko ɗumi bai gama yi ba.

Yaya ta sa salati da ƙarfi har Malam ya fito ba hula.

Ban tsaya bayani ba. Na shiga na tashi ’yata, na naɗe jaririyar a zane, na ce ta biyo ni ɗakina da ke can ɗaya gefen gidan. Yaya tana cewa ba a yawo da jariri kafin suna, ’yata tana kallona tana kallonta, amma ta biyo ni. Sannan na dawo na tura ƙofar ɗakin girki a hankali, na riƙe numfashi na buɗe taga, na ɗauko kwandon daddawa na fito da shi tsakiyar gida.

Na durƙusa gaban Yaya na ɗaga buhun. Na ce, "Yaya, don Allah shinshina wannan."

Ta ce, "Na san daddawa tun ba a haife ki ba."

Na ce, "Shi ya sa na ce ke. To yanzu ki ɗan sunkuya can bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa."

Ta je tana mita, ta dafa gwiwa ta sunkuya. Mitar ta tsaya. Ta daɗe a haka, sannan ta miƙe tana kakkaɓe hanci da gefen mayafi. Malam ma ya je ya sunkuya, ya ɗago yana tari, ya ce, "Inna lillahi." Ba wanda ya ƙara ambaton daddawa.

Muka bar ɗakin a buɗe har rana ta ɗaga, ba wanda ya ƙyasta ashana a gidan. A lokacin ne na ji tafin hannuna yana raɗaɗi, ’yata ta shafa min man shanu ta ɗaure da ƙyalle. Da warin ya fita sarai, na kaɗa sabulu a kwano yadda na ga mutumin ya yi. Na kife turmi na hau, na ce Malam ya zagaya ya buɗe kan tukunyar kaɗan, in na yi magana ya rufe. Na sa hannu zan kawar da ƙoren da suka tare haɗin, sai na ji nauyinsu. Na bi igiyar ragayar da ido zuwa sama. Ba a jikin azara take ba. A jikin bututun aka ƙulla ta, dab da notin. Ƙwaryar man shanu, da ta gari, da tukunyar yajin jego, duk a kai. Ƙusar da ke riƙe da wurin ta zare daga bangon ƙasa, bututun ya lanƙwaso kamar reshe.

Na shafa kumfa. Nan take ta kumbura kamar maƙogwaron kwaɗo, ta fashe, wata ta taso. Na ce Malam ya rufe.

Da na waiwayo, Yaya tana tsaye a ƙasa, idonta a kan igiyar. Ita ta zo da ragayar nan daga Gwiwa, saƙar hannunta ce. Na kwance ƙullin, na sauko da ƙoren ɗaya bayan ɗaya ina miƙa mata tana karɓa.

Da azahar ɗana ya iso, ya je ya ɗauko mai haɗawar. Wannan karon mutumin ya durƙusa ya gaida Malam, kuma ban ji fito ba. Ya hau ya duba, ya ga sawun igiya a jikin ƙarfen, ya ce, "Wa ya rataya kaya a nan?"

Na ce, "Mutanen gida ne."

Yaya daga bakin ƙofa ta ce, "Ni ce nan. Sai me? Ka shigo ɗakin girkin mata ka miƙa ƙarfe sambal daidai inda ake rataye ragaya, ka ce kada a rataya komai? To don me aka yi shi? Ka gaya wa wani?"

Ya ce, "Ban faɗa ba, Iya."

Ta ce, "To ka ji."

Ni kuma na ce a hankali, duk tsawon bututun nan ba inda ya buɗe sai wurin ɗinkin. Na roƙe shi ya cire duka ya sa guda ɗaya wanda ba haɗi, ya manna shi da bango yadda ko zare ba zai ratsa bayansa ba. Ɗana ya kalli ƙyallen da ke hannuna, ya gyaɗa wa mutumin kai. Aka yi yadda na ce. Da mutumin ya gama, ni na shafa kumfar da kaina, sau biyu, yana tsaye yana jira.

Duk da haka abincin suna da icce muka dafa shi, a kan duwatsun da na hana a kwashe. Na yi tari na kwana biyu, ban damu ba. Mai jego ta koma ɗakinta, da yamma aka yi mata wankan da ta rasa da safe, Yaya tana yi tana faɗa cewa tunda take ba a taɓa kashe mata wutar wanka ba sai a gidan nan. Ta ci gaba da faɗin haka har mai jego ta gama arba’in, ita kuma ta koma Gwiwa. Amma kafin ta tafi ta sa Malam ya kafa mata turke a ɗaya bangon, ta rataye ragayar a can, ta ce ta bar min.

Yarinyar da aka haifa ɗin nan yanzu ita ke tsinta min wake in sun zo hutu daga Roni. Daddawa kuwa tun daga ranar a rumfar awaki nake rufe ta, nesa da ɗakin girki, don kada wani wari ya sake ɓuya a bayan wani. Har gobe, kafin in ɗauki ashana da safe, sai na sunkuya bakin ƙofa na shaƙi iskar ƙasa. Jikar tawa ta ɗauka gaisuwa ce nake wa ɗakin, ita ma in ta zo sai ta sunkuya.